Tsince-tsincen Yaya a Ƙarƙashin Teku

Yayana bai iya ruwa ba. Da wannan na fara don kada wani ya ɗauka gwanin ninƙaya Allah ya ba mu a gida. Mutum ne da ko bakin dam aka je sayen kifi, can nesa yake tsayawa ya tattare babbar riga, yana ciniki da ihu. Amma a shekarar da muka ɗauko Inna daga ƙauye babu lungun ƙarƙashin teku da bai leƙa ba, yana zaune daram a kujerar roba a barandar gidansa da ke Dutsin-Ma, fanka tana kaɗa masa ƙeya.

Wasan kwamfuta ne. Wani abokin aikinsa ya zuba masa shi, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Labarin wasan ba shi da wuya. Wani bawan Allah ne jirginsu na sararin samaniya ya faɗo a wata duniya da ba komai a cikinta sai ruwa. Kowa ya watse, saura shi kaɗai a cikin wani ɗan akwati mai yawo a kan teku, ba abinci, ba ruwan sha, ba makami. Duk abin da yake so sai ya nutsa ƙasa ya tsinto kayan haɗinsa. Ya fasa dunƙulen dutse ya sami tagulla, ya tsinko ciyawar ruwa, ya kwaso gishiri da wasu duwatsu masu ƙyalli, ya kamo kifi da hannu. In ya dawo akwatin sai ya miƙa wa wata na'ura da ke manne a bango, ita kuma ta yi walƙiya ta miƙo masa wuƙa, ko batir, ko tulun iskar da yake goyawa don numfashi. Ba wuta, ba zugazugi, ba gumi. Na sha cewa da maƙeran kasuwa sun ga wannan na'ura da sun kai ƙara wurin hakimi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda Yaya yake ba da labarin. Ba ya cewa mutumin ya nutsa, cewa yake "na nutsa". "Jiya na sha wuya wajen neman tagulla." Wannan daga bakin wanda tun muna yara ko itace aka aike shi sai ciwon ciki ya taso masa. Ni ce auta, duk aiken da ya zame wa a kaina yake ƙarewa, kuma ban manta ba. Ga shi ba shi yake gano inda kayan suke ba. A waya yake kallon wasu yaran Turawa suna nuna hanya, ya haddace tsaf, sannan ya zo ya zauna yana shafa gemu yana cewa, "Jikina yana ba ni akwai azurfa bayan wancan tudun." Wai jikinsa.

Inna ba ta so tahowa ba. Ƙauyenmu yana ƙasar Kurfi, kuma da 'yan bindiga suka matso har ana jin labarinsu a ƙauyukan maƙwabta, mutane suka fara kulle gidaje suna tafiya. Sai da muka haɗa ta da Allah da Annabi kafin ta yarda ta hau mota, shi ma da sharaɗi: zama ne na ɗan lokaci, da an sami lafiya a maida ta ɗakinta. Ɗakin ginin ƙasa ne, ciki da falo, amma da rufin kwano, wanda mahaifinmu ya yi mata da waken da ya noma kafin rasuwarsa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ran ginin ƙasa yana ga rufinsa. In da rufi, bango sai ya ga jikoki. In babu, damina ɗaya ta ishe shi. Inna ta fi kowa sanin haka, kuma duk zancenta a Dutsin-Ma da "in mun koma" yake farawa. In mun koma za ta sake yaɓe. In mun koma za ta dasa zogale bayan ɗaki. In mun koma ba za ta sake cin tuwon garin inji ba.

Ba a jima ba Yaya ya gina mata ɗaki a tsakar gidansa, na bulo da siminti, da farin silin, an shafe rufin da jan fenti. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa gani suna sa masa albarka. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce ai ba komai, haƙƙin iyaye ne, bakinsa har kunne. Ni ma na yaba, har na ce a raina ashe girma ya fara zo masa. Inna ta shiga ta ɗaga kai ta dubi silin, ta ce, "Madalla. Ya ishi baƙo."

Yaya ɗan fari ne, Inna kuma mutuniyar da ce. Tun da nake ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. In tana son gaya masa magana, ta kaina take bi: "A ce ma wancan abinci na hucewa." Yana zaune a gabanta kuwa. Haka ake kunyar ɗan fari a inda muka tashi, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa rashin so.

Ina koyarwa a firamare, gidan aurena kuma ba nisa, don haka kusan kullum bayan la'asar nakan biya in gaishe ta. A lokacin ne Yaya yake dawowa daga ofis ya kafa kwamfutarsa a baranda, batirin sola ya cika. Inna tana gefe a tabarma tana tsince wake. Da farko ko kallo abin bai ishe ta ba, aikin banza ta kira shi. Wata rana sai ta taɓa ni.

"Auta, wanga mutum mi ya kai shi cikin ruwa?"

Na ba ta labarin jirgin da ya faɗo, da mutanen da suka watse, da yadda yake tsince-tsince don ya rayu har Allah ya sa ya haɗa abin da zai maida shi garinsu.

Ta ci gaba da tsince wakenta. Can ta ce, "Ashe ɗan gudun hijira ne. Allah sarki."

Daga ranar ta ɗauke shi ɗa. Ta sa masa suna mai ninƙaya, kuma da yake shi ba ɗan farinta ba ne, sai ta saki baki tana yi masa magana yadda take so. "Kai mai ninƙaya, hau bisa ka sha iska, kak ka mutu ma mutane." "Ka yi bisimilla kahin ka shiga ramin nan?" Yaya kuwa sai ya amsa a madadinsa: "Na yi, Inna." Shawarwarinta ba wadda wasan yake karɓa. Ta ce ya shanya kifin ya ajiye don gaba, ta ce ya duba ko akwai tafasa cikin ciyayin nan, ta ce ya daina yawo tsirara-tsirara cikin matsattsun kaya. Amma tsince-tsincen yana burge ta, don ita ma da shi ta raine mu, daga itace zuwa ganyen miya zuwa kalar gyaɗa bayan an cire. A wurinta abin da Allah ya watsa a daji na mai ƙwazo ne. Ba zan ɓoye ba, abin ya taɓa ni. Hirar farko ke nan da na taɓa ganin uwar nan da ɗanta sun yi, ko da yake ta bakin wani ƙato mai goyon tulu ce.

Azurfa ce ta hana Yaya sakat. Akwai wata na'urar gini da yake so, wadda da ita ake kafa gida a ƙarƙashin ruwa, kuma ba ta haɗuwa sai da azurfa. Ya yi ta fasa duwatsu a cikin wani kurmin ciyawa mai duhu inda wasu kifaye masu dogon baki suke cizonsa, kullum dalma yake samu ko zinariya. Na ga ranar da babban mutum mai iyali ya buga tsaki don ya tsinci zinariya. Matarsa tana kicin tana jin sa, ita da ko ɗan kunnen gwal bai taɓa saya mata ba, ta leƙo ta ce in ta yi masa yawa a miƙo.

Ana cikin haka bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa ta gabas. Aka yi rasuwa a dangin mijina a Kurfi, na shirya zuwa gaisuwa. Inna ta kira ni ɗaki ta rage murya.

"Tunda za ki Kurfi, ki daure ki ƙarasa gida da rana tsaka. Ki duba mini kwanon nan, ko akwai ƙusar da ta saki. Kusurwar gabas iska na ɗaga ta. Ki sa a aza dutse."

Na je. Bayan an yi addu'a na tari mai mashin, ya ce zai kai ni amma ba zai kashe inji ba. Ƙauyen shiru, ciyawar bara ta bushe a ƙofofi, ko kaza ba ta motsi. Na sha kwanar gidanmu sai na ga sama a inda ban saba ganinta ba. Ba kwano, ba katako, ba ƙyaure. Bango ne kawai tsaye, rana ta cika ɗakin Inna har cikin ƙuryar da take ajiye tukwane. Gadonta na ƙarfe ma babu. Na tsaya ina salati ina tsine wa ɓarayi.

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu, abokin mahaifinmu, wanda ya rantse ba inda za shi. Ya ji mashin ya fito yana dogara sanda. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, yaushe ɓarayi sunka yi mana wanga aiki?"

Ya dube ni da mamaki. "Waɗanne ɓarayi, ɗiyata? Ai yayanki ne ya zo da kahinta da a-kori-kura tun da rani. Ni na ma riƙe masu tsani. Ya ce ɗaki za a yi ma Innarku a birni."

Da na shiga gidan Yaya ban nufi ɗakin Inna ba, na zagaya baya na ɗaga kai. Ta ƙarƙashin bakin rufin, inda mai fenti bai kai ba, ga tsohon kwano nan da tsofaffin hujojin ƙusa an toshe su da kwalta. Ƙyauren kuma na same shi a ɗan ɗakin da yake ajiye batiran sola, an shafe shi da shuɗin fenti an sa masa sabon kwaɗo. Ƙyauren da mahaifinmu ya kafa da hannunsa shi yake gadin wutar da ake neman azurfa da ita.

Na same shi a zaure yana cire takalmi. Ban gaishe shi ba.

"Yaya, na je gida."

Ya murtuke fuska, irin ta manyan ma'aikata in an kama su. "To, Malama, sai aka yi yaya? Wa zai koma ƙauyen nan? Ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Da na bar shi da ɓarayi sun kwashe. Kayan yana can yana lalacewa, ita tana nan tana buƙatar ɗaki. Kwanonta ne, kuma a ƙarƙashinsa take kwana. Ina laifin?"

"Ka tambaye ta?"

"Da na tambaye ta za ta yarda?"

"Shi ya sa ba ka tambaya ba. Kuma ka tsaya mutane suna sa maka albarka kana sunkuyar da kai."

Gaskiya ne ɓarayi suna kwashe kwano a ƙauyukan da aka bari, ban musa masa wannan ba. Amma ɓarawo in ya ɗauka ba ya dawowa ya zauna a gabanka ka ce masa madalla. Na ce ya nemo kwano ko da na gwanjo ne a mayar kafin ruwa ya sauka, ko tamfal ne a ɗaura. Ya ce zai duba. Sannan ya jefo mini abin da ya san zai ɗaure ni: "Kin dai san hawan jininta. In kin gaya mata wani abu ya same ta, ke kika sani."

Na shiga wurin Inna. Ta ce, "Yaya kusurwar gabas?" Na ce ba abin da iska za ta ɗaga. Ta yi hamdala, ta miƙo mini fura.

Bayan wannan zuwana barandar nan ya zama azaba. Ina zaune ina kallon ƙeyarsa, ina jin kamar in ɗauki farantin waken in kifa masa. Shi ko a jikinsa. Ya sami azurfarsa, ranar har kabbara ya yi. Ya haɗa na'urar ginin, sai kuma ta bayyana cewa manyan abubuwan da yake so ba a cikin duwatsu suke ba, suna cikin ɓaraguzan jirgin da ya faɗo, waɗanda suka warwatse a ƙasan tekun. Ya ƙera wani abin yankan ƙarfe mai tartsatsi, ya nufi can.

Na tuna yammacin sarai. Mai ninƙaya ya isa wani katafaren guntun jirgi kwance a kan yashi, ya sa wuta ya yanke ƙofa, ya kutsa. Ciki ɗakuna ne na mutane. Ga kujeru a kife, ga gadaje, ga akwatunan bango a jere. Yaya ya shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana kwasa: batir, kwalbar ruwa, kayan ɗaurin rauni, har da wata 'yar jaka da hoton bango. Yana yi yana lasar baki.

Inna ta ajiye farantin.

"Kai mai ninƙaya. Wa ya ba ka?"

Yaya ya yi dariya. "Inna, ai ba mai shi. Masu jirgin duk sun watse."

"Sun mutu, ko sun watse?"

"Wasu sun mutu, wasu ba a san inda suke ba."

"To wanda ba a san inda yake ba ai shina da niyyar dawowa. In ya dawo ya ishe an yanke mashi ƙyaure hwa? An yi cigiya?"

Sai Yaya ya gyara zama, ya juyo rabin jiki yana fuskantar bango kamar yadda ya saba in zai yi mata bayani, ya shiga karatu. Wai ƙa'idar rayuwa ke nan. Wai abin da aka bari yana ruɓewa, amfani da shi ya fi barinsa. Wai mai hankali ba ya kallon ƙarfe yana tsatsa alhali yana da buƙata, kuma duk ƙasashen da suka ci gaba da haka suka ci gaba. Ya yi maganar nan tiryan-tiryan ba gargada, don ba ranar ya fara shirya ta ba.

Na ce, "Lallai Yaya ka ƙware. Sai ka ce ka taɓa yi."

Ya watso mini harara. Na rama.

Inna ba ta lura da mu ba, idonta yana kan allon kwamfutar. Ta ce, "Dutse na Allah ne, ciyawa ta Allah ce, kihi na Allah ne. Wanga kau ɗakin wani ne. Ni ba ruwana." Ta juya tabarmarta ta ba kwamfutar baya. Daga ranar in yana fasa duwatsu takan juyo ta yi masa hira, in ya nufi ɓaraguzan jirgi sai ta tashi ta ce za ta yi alwala.

Ruwa ya sauka. Na farko yayyafi ne, na biyu ya zo da iska. Duk sanda hadari ya haɗu Inna takan fito ta dubi arewa, wajen Kurfi, ta ce Allah ya ji ƙan Malam, wato mahaifinmu, ya yi mata rufin da ba ta fargabar damina. Na bi Yaya zaure, na bi shi bakin mota, na kira shi a waya yana ofis. Yau kafinta ya yi tafiya, gobe kwano ya yi tsada, jibi hanya ba lafiya. Hanyar dai da ta yi lafiya sarai ranar da aka je kwasowa. Na nemi wanda zai kai tamfal da kaina, masu mashin suka ce ba mai shiga da kaya yanzu, gero ya fara tsawo, ba a ganin abin da ke cikin gona. Mijina ya ce in na sake taka ƙauyen nan ba da yawunsa ba.

Shi kuwa gwanin, a daidai wannan lokacin ya gama gidansa na ƙarƙashin teku. Zo ka ga gida! Dogon zaure na farin ƙarfe, tagogin gilashi kifaye suna wucewa, ɗakin ajiya cike da akwatuna, kowanne da abin da ke ciki, har da lambu ya dasa. In bangon ya tsage ruwa ya fara shiga, ƙara take tashi, sai ka ga Yaya ya zabura jiki na rawa ya ɗauko na'urar liƙi, ba ya ko amsa sallama sai ya toshe. Ban taɓa ganin mutum mai kula da gini irinsa ba.

Ranar wata kasuwa, damina ta yi tsakiya, aka yi sallama a zaure bayan la'asar. Tsohon nan ne maƙwabcinmu. Ƙafa ta matsa masa, wani jikansa ya kawo shi ganin likita, ya ce ba zai koma bai gaida Innar yara ba. Na yi wuf zan tare shi a zaure, amma Inna ta riga ta ji muryarsa, ta ce a shigo da shi maza. Yaya ya gaishe shi daga zaune, hannu ɗaya a kan kwamfuta, don mai ninƙaya yana can cikin wani rami mai zurfi yana neman lu'ulu'u.

Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Ta tambayi wanda ya rage da wanda ya tashi, ya ba ta labarin gonakin da aka shuka da waɗanda aka bari. Ina ta Allah-Allah ya tashi. Sai ya kurɓi ruwa ya ajiye kofi.

"Sai kuma haƙuri, Innar yara. Ɗakin nan ya zauna. Ruwan da anka yi mai iskan nan shi ya kada bangon gabas, sauran sunka bi shi. Ni dama tun da anka kwashe kwanon na ce ba shi kai kaka." Ya ɗaga sanda ya nuna jan rufin da ke tsakar gida. "Amma ai gara da anka yi amfani da shi. Ga shi nan ya yi kyau, kamar sabo. Allah shi yi ma yaron nan albarka."

Ba wanda ya ce amin. Inna ta bi sandar da ido, ta daɗe tana kallon rufin. Fanka tana ta juyawa. Daga cikin kwamfutar wata murya ta mace ta fara gargaɗi cewa iska ta kusa ƙarewa, ta sake faɗa, Yaya bai motsa ba, hannunsa yana kan madannai kamar an dasa shi. Allon ya yi duhu a hankali. Mai ninƙaya ya mutu a ramin, sannan ya farka a cikin gidansa mai tagogin gilashi, lafiya lau, don haka wasan yake.

Abin da Inna ta yi shi ne ta ce a zubo wa baƙo abinci. Ta zauna har ya ci ya ƙoshi, ta tambaye shi maganin da likita ya ba shi, ta ɗaure masa kuka da daddawa a leda ya kai wa iyalinsa. Ta raka shi har bakin zaure tana a gaida mutan gida. Ni ina tsaye riƙe da kwalbar maganin hawan jininta kamar wata sakarya, ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba.

Ta dawo baranda. Yaya ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya fara, "Inna, wallahi abin da na duba shi ne..." Ba ta tsaya ji ba. Ta kama bakin zanenta ta shiga kwance wani ƙulli da ya daɗe a ɗaure, har sai da ta sa haƙori. Ɗan makulli ne, na kwaɗon ƙyaurenta, ya yi baƙi don gumi. Ta ajiye shi a kan tebur kusa da kwamfutar.

"A haɗa da wanga," ta ce. "Ƙarhe ne shi ma."

Ta shiga ɗakin ta saki labule. Da magariba ta yi na leƙa, na same ta a kan sallaya tana jan carbi. Na ce, "Inna, in kawo maki tuwo?" Ta ce in kawo. Ta ci, na garin inji ne, ba ta ce komai a kansa ba. Da zan tafi ta ce gobe in zan zo in biya kasuwa in sayo mata irin zogale, ta ga akwai ɗan fili bayan ɗakin batira.